Wai da gaske akwai allurar feftayid da ke maganin HIV?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya na cikin gidan nan ku taimaka min da bayani. Yayana shekara 11 kenan yana shan maganin HIV, da farko komai lafiya lau, to daga baya ya yi wasa da shan maganin na wani lokaci, yanzu likitansa ya ce ƙwayar cutar ta fara bijire wa wanda yake kai sai an canja masa. Jiya sai wani ya turo masa bidiyo wai akwai wata allura ta feftayid da take kashe cutar gaba ɗaya, wai har rigakafi take zama ga wanda bai kamu ba. Tun jiya hankalinsa ya tafi can har yana cewa shi fa ya gaji da ƙwaya. Ni kam wlh tsoro nake ji. Menene ma feftayid ɗin nan, kuma da gaske ne abin da suke faɗa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin a ce komai, dan girman Allah ki kira shi yanzu ki ce kar ya ajiye ƙwayarsa ko ta kwana ɗaya saboda bidiyo. Babu wata allura a duniya yau, ta feftayid ce ko ba ta feftayid ba, da ke cire HIV daga jiki gaba ɗaya. Sauran bayanin masu ilimin za su zo su yi, amma wannan shi ne na gaggawa.

Ɗalibin Kimiyya:
Anti ta faɗi gaskiya. Bari in ɗan yi bayanin kalmar tukunna. Kin san carbi ko, to ki ɗauka kowane ƙwaro na carbin shi ne amino asid, iri 20 ne jikinmu ke gini da su. In aka jera su da yawa, ɗaruruwa, suka naɗe suka yi siffa, shi ne furotin. In kuma guntu ne, ƙwaro goma ko talatin ko arba'in, shi ake kira feftayid. Ba wani baƙon abu ba ne, insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu ma ɗan gidan ne, amino asid 51 gare shi. Don haka kalmar kaɗai ba ta nufin magani mai ƙarfi ko sabon abu, tana gaya miki irin ginin abin ne kawai.

Maman Ilham:
Toh na gane wannan. Amma akwai wanda aka yi don HIV ko duk ƙarya ce?

Malam Famasis:
An yi Hajiya, kuma nan ne masu bidiyon ke samun ƙofar shiga, sukan ɗauki gaskiya guda su lulluɓe ta da ƙarya goma. Sunansa enfuvirtide, ana ce masa T-20, sunan kasuwa Fuzeon. Amino asid 36 ne. Aikin ya samo asali daga masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka, kamfanin Trimeris da Roche suka kai shi kasuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Maris 2003. Yadda yake aiki abin sha'awa ne gsky. Ita HIV ba ta iya hayayyafa a waje sai ta shiga cikin ƙwayar halittar garkuwar jiki, waɗannan da ake kira CD4. A bayanta akwai furotin biyu manne da juna, gp120 da gp41. Gp120 ne ke fara kama wani mariƙi da ke jikin ƙwayar CD4 ɗin, sai ya ƙara kama wani mariƙin na biyu, CCR5 ko CXCR4, daga nan sai gp41 da ke ɓoye ya miƙe ya soka kansa a fatar ƙwayar halittar kamar ƙugiya, sannan ya naɗe gida biyu ya jawo fatar bairos ɗin, wato ƙwayar cutar, da ta ƙwayar halittar mutum su haɗe su zama ɗaya, sai kayan cikin bairos su zube ciki. To shi T-20 kwaikwayon wani yanki ne na shi gp41 ɗin kansa, sai ya riga ya je ya zauna a gurbin da za a naɗe, kamar ki sa dutse a bakin ƙofa ta ƙi rufuwa. In bai naɗe ba babu haɗewa, bairos ya tsaya a waje. Shi ne magani na farko da aka amince da shi mai tare cutar tun daga bakin ƙofa, duk na kafinsa sai ta shiga suke yaƙarta.

Baban Sadik:
To ka ga ni abin da ke ɗaure min kai kenan. Magani tun 2003 yana hana cutar shiga, amma yau shekara sama da 20 ba mu taɓa jin sunansa ba. Ni dai har gobe ina ganin kamfanonin nan suna da maganin suna ɓoyewa ne don a yi ta sayen ƙwaya har mutuwa.

Malam Famasis:
Baban Sadik ba ɓoye shi aka yi ba, wahalarsa ce ta yi yawa. Na ɗaya ba a shansa ta baki, domin ciki ba ya bambance feftayid na magani da furotin na abinci, narkar da shi zai yi kafin ya kai jini. Dole allura a ƙarƙashin fata, miligiram 90, sau biyu a rana, kullum, don ba ya daɗewa a jini, cikin awa huɗu rabinsa ya tafi. Gari ne yake zuwa sai mutum ya haɗa da ruwan allura ya zauna jira ya narke, wani lokaci har minti 45. Na biyu kusan kowa da ya yi amfani da shi, wajen kashi 98 cikin 100, sai wurin allurar ya yi ja ko ƙullutu ko zafi, yau ciki gobe cinya jibi dantse har a rasa wurin sokawa. Na uku haɗa shi a masana'anta matakai 106 ne, shi ya sa ya yi tsada ƙwarai. Kuma shi ma in aka ba da shi shi kaɗai cutar na canja ɗan yankin nan na gp41 ta kuɓuce masa, dole a haɗa da wasu magunguna. Saboda haka aka ajiye shi ga waɗanda sauran magunguna suka daina yi wa aiki, kuma a gwaje-gwajen TORO 1 da TORO 2 da aka yi da kusan mutum 1,000 irin waɗannan ya rage musu yawan cutar a jini sosai. Ya ceci rayuka a lokacinsa wlh, kawai dai an samu waɗanda suka fi shi sauƙi daga baya.

Baban Sadik:
Na ji wannan. Amma maganar ɓoyewa fa ban sauka ba.

Anti Nas:
Ɗan uwa ka duba abu ɗaya. Kamfanonin nan kishiyoyin juna ne, ga jami'o'i ga gwamnatoci daban daban da ba sa ga maciji da juna, Sin da Amurka da Faransa duk suna bincike. Wanda ya fara fito da waraka ai shi ya ci kasuwar duka, wa zai zauna a kai? Matsalar a jikin cutar take. Tana shigar da kundin halittarta cikin namu, ta kwanta a wasu ƙwayoyin halitta shekara da shekaru ba motsi, magani ba ya ganinta a can. Da an daina magani cikin 'yan makonni ta farka. Mutanen da aka tabbatar sun warke 'yan ƙalilan ne, irin su Timothy Ray Brown da ake kira majinyacin Balin, shi ma dashen ɓargo aka yi masa a 2007 saboda kansar jini, daga wani mai bayarwa da aka haifa ba shi da marikin CCR5 mai aiki. Aiki ne da kan kashe mutum, ba a yi wa wanda ƙwaya ke riƙe da shi lafiya.

Mai Haƙuri:
Salam. Ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Ni ma ina ɗauke da ita shekara 9 kenan. Maman Ilham dan Allah kar ku yi wa yayanki faɗa a kan cewa ya gaji, gajiyar gaskiya ce, ba ƙwayar ce ke da nauyi ba, tunawar da take yi maka kullum da safe ita ce nauyin. Ni ma akwai lokacin da na bar sha wata uku saboda wani ya ce min ya san mai magani, na dawo CD4 ɗina ya faɗi ƙasa warwas na kwanta ciwo, Allah ne ya yi da sauran kwana. Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha a rana kuma gwaji ba ya ganin cutar a jinina, matata lafiyarta ƙalau yaranmu ma haka. Abin da yake buƙata wanda zai zauna da shi ne ya saurare shi. Amma Malam Famasis ina da tambaya, tunda matsalar T-20 yawan allura ce, ba a yi wanda zai daɗe a jiki ba?

Malam Famasis:
Allah ya ƙara lafiya ɗan uwa, na gode da ka faɗi wannan. An yi. A ƙasar Sin kamfanin Frontier Biotechnologies ya yi albuvirtide, aka amince da shi can a 2018. Dabarar da suka yi ita ce sun ɗaura wa feftayid ɗin wani ɗan mariƙi da yake manne wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a ruwan jini, to tunda albumin na daɗewa sai ya goya shi su yi ta yawo tare, maimakon awa huɗu sai ya kai kwana 11 zuwa 12 kafin rabinsa ya tafi. Sau ɗaya a mako ake yi amma ta jijiya kamar ƙarin ruwa, kuma shi ma tare da wasu magungunan sha. Kafin nan Trimeris sun gwada wani ƙanen T-20 mai suna T-1249 suka dakatar a 2004.

Ɗalibin Kimiyya:
Akwai kuma wata dabarar da ni ta fi burge ni. Amino asid suna da na dama da na hagu kamar tafin hannu, siffa ɗaya amma juyin madubi. Jikinmu kusan duk da iri ɗaya yake gini, kuma almakasan da ke yanka furotin a jini da hanji wannan irin kaɗai suka sani. Sai masu bincike a jami'ar Utah, ƙarƙashin Michael Kay, suka gina feftayid da ɗaya irin, na madubin, wanda almakasan ba sa iya kamawa, aka nufe shi da wani ɗan rami a jikin gp41 da cutar ba ta cika canja shi ba don in ta canja ita ma ta nakasa. CPT31 ake kiransa. Ya yi kyau a birai, an kai shi matakin farko na gwaji a mutane. A Jamus ma a 2007 masu bincike a jami'ar Ulm sun tsamo wani feftayid mai amino asid 20 daga jinin mutane da kansa, VIRIP, wanda ke kama bakin ƙugiyar gp41. Wato jikinmu ma yana da ɗan nasa.

Malam Famasis:
Duk gaskiya ne ƙanena amma ka riƙa faɗa wa mutane cewa matakin farko na nufin ana duba ko abin na cutarwa ne kawai, a mutane 'yan kaɗan. Mafi yawan abin da ya shiga matakin farko ba ya kaiwa kanti. Kar wani ya karanta ya je yana nema.

Hajiya Babba:
Ni kuwa 'ya'yana na ji a rediyo an ce an samu allurar rigakafin ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara, ba ita ce wannan ta feftayid ɗin ba?

Anti Nas:
A'a Hajiya, wannan lenacapavir ce, ba feftayid ba ce kuma ba rigakafi ba ce irin ta ƙyanda ko shan inna. Rigakafi na gaske koya wa garkuwar jiki yake yi ta gane cuta da kanta, ko bayan allurar ta bar jiki. Ita wannan magani ne da ke zama a ƙarƙashin fata yana fita a hankali har wata shida, in ya ƙare kariya ta ƙare. Amma aikinta ba wasa ba, a gwajin PURPOSE 1 da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, sakamakon 2024, cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ba wadda ta kamu a lokacin da aka fitar da sakamakon. FDA ta amince da ita don kariya a Yunin 2025. Ina zargin ma irin wannan labarin masu bidiyon suka cakuɗa da na feftayid.

Hajiya Babba:
Allah sarki, to na gode 'yata. To shi rigakafin na gaske me ya hana?

Baban Sadik:
Hajiya ai tun 1984 sakatariyar lafiyar Amurka Margaret Heckler ta ce suna fatan cikin shekara biyu za a fara gwada rigakafi. Yau shekara 40 da ɗoriya.

Ɗalibin Kimiyya:
Wannan kam haka ne Baban Sadik, kuma ba don ba a gwada ba. Rigakafin AIDSVAX ya faɗi gwaji a 2003, gwajin STEP aka tsayar a 2007, sai RV144 na Tailan a 2009 da mutum sama da 16,000 wanda ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, shi kaɗai ne ya taɓa nuna wata kariya. Aka gyara shi aka kai Afirka ta Kudu da sunan Uhambo aka tsayar a 2020 ba amfani, Imbokodo 2021, Mosaico 2023, duk haka. Dalili, cutar nan in tana kwafar kanta kuskure take yi ba ta gyarawa, to a jikin mutum ɗaya ma sai ka samu iri iri ba adadi, sannan ta lulluɓe furotin ɗin bayanta da sukari irin na jikinmu, garkuwa ta zo ta ga kamar ɗan gida ne. To nan tunanin feftayid ya shigo. Maimakon a nuna wa garkuwa furotin ɗin gaba ɗaya ta je ta ɓata ƙarfinta a wuraren da ke canjawa kullum, sai a yanko ɗan guntun da ba ya canjawa a ce mata ga inda za ki kama.

Malam Famasis:
A takarda yana da daɗin ji. A aikace guntun feftayid shi kaɗai garkuwa ba ta cika kula shi ba, ƙarami ne, sai an haɗa da abin zaburarwa ko a ɗora shi kan wani babban abu. Sannan in ka yanko shi daga jikin furotin yakan saki siffarsa ya zama kamar zare, sai jiki ya yi antibodi, wato makaman da garkuwa ke ƙerawa don kama cuta, da ke gane zaren amma ba sa gane ainihin abin a jikin bairos. Abin da ya faru da na farkon shekarun 1990 kenan da aka yi da yankin V3 na gp120, antibodin suka tsaya kan iri ɗaya ko biyu na cutar kawai. Ga kuma bambancin mutane, guntun da garkuwar wani ke iya ɗagawa ta nuna wa sojojinta, ta wani ba ta iyawa, gado ne. Ko Vacc-4x na kamfanin Bionor na Nowe, feftayid huɗu daga furotin p24, wanda aka yi don masu ɗauke da cutar ko za su iya hutawa da ƙwaya, a gwajin mataki na biyu bai cimma abin da aka sa a gaba ba, an dai ga yawan cutar ya ɗan yi ƙasa a waɗanda aka yi wa, amma ba wanda ya rabu da magani saboda shi.

Ɗalibin Kimiyya:
Ban musa ba Malam, amma ka bar na baya bayan nan. HVTN 133, na cibiyar rigakafi ta Duke, sakamakon ya fito a 2024. Sun ɗauki guntun gp41 na can gindi dab da fatar bairos, wanda ake kira MPER, suka dasa shi a kan 'yan ƙwallayen kitse don ya riƙe siffarsa kamar yadda yake a jikin cutar, wato sun magance matsalar zaren da ka faɗa. Mutum 20 aka yi wa, kuma bayan allura biyu kacal aka fara ganin tsatson antibodin nan masu kama iri da yawa na cutar, waɗanda a jikin mai ɗauke da ita sai an yi shekaru kafin su fito, in ma sun fito. Wannan fa shi ne abin da aka daɗe ana nema a gani a jikin mutum.

Malam Famasis:
Ka ƙarasa mana, an tsayar da gwajin saboda mutum ɗaya jikinsa ya yi mummunan bore, ana zargin wani sinadari da aka haɗa a ciki ne, kuma antibodin ba su kai yawa ko ƙarfin da za su kare mutum ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Haka ne an tsayar, kuma ban ce ya kare kowa ba. Abin da nake cewa da can tambayar ita ce ko zai yiwu ma a sa jikin mutum ya fara wannan hanyar, yanzu an ga ya fara. Saura a yi ta jan shi da allurai daban daban a jere har antibodin su nuna, kuma a haɗa da wasu wuraren kamar bakin ƙugiyar da masu bincike na NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka, suka gano a 2016 cewa antibodi na iya kamawa. Mutum miliyan 1.3 ke kamuwa duk shekara a duniya, wajen miliyan 40 na ɗauke da ita, allurar wata shida ba za ta kai ga kowa ba har abada, dole a ci gaba da neman rigakafi.

Malam Famasis:
A nan kam ba mu da saɓani.

Maman Ilham:
Kai Allah ya saka muku da alheri, na karanta duka har sau biyu. To yanzu shi yayana tunda tasa ta fara bijirewa, T-20 ɗin za a ba shi kenan?

Malam Famasis:
Da wuya ƙwarai Hajiya. Bijire wa layin farko ba ya nufin an ƙure, akwai layi na biyu da na uku kuma yawancinsu na sha ne, irin su dolutegravir da darunavir da cutar ke shan wahala kafin ta kuɓuce musu. Ko waɗanda tasu ta bijire wa kusan komai yanzu akwai fostemsavir da ibalizumab da ita lenacapavir ɗin. Likitansa ne zai zaɓa bisa abin da ya sha a baya da abin da gwaji ya nuna. Ku tambaya ko za a iya yi masa gwajin bijirewa kafin a canja, kuma yaushe za a sake auna yawan cutar a jini bayan canjin.

Mai Haƙuri:
Kuma in da hali ki raka shi ranar. Ya faɗa wa likitan gaskiyar watannin da ya tsallake, kar ya ji kunya, sun saba ji. Ya kuma nuna masa bidiyon da kansa.

Maman Ilham:
In sha Allah zan raka shi, ranar Talata ne. Na kira shi yanzu ya ce ya sha ta yau, na tura masa abin da ka rubuta Mai Haƙuri ya yi shiru can ya ce in tambaye ka ko zai iya yi maka magana ta gefe.

Mai Haƙuri:
Ya yi min ko da wane lokaci ne, ina nan.